Percy Jackson a Disney+: An dawo da shekarun, amma ina yarintar?

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare ya san halin ɗan shekara 12. Yana da wayon da zai ba ka mamaki, amma ƙamshin abinci yana iya kwashe wayon nan cikin minti guda. Zai tsaya wa abokinsa a gaban wanda ya fi shi ƙarfi, an jima kuma ka same shi yana hawaye don an ɗauke masa biro. Koyar da irin waɗannan yara shi ne aikina, kuma da idon malami na kalli zangon farko na Percy Jackson and the Olympians, shirin da Disney+ ta fara saki a Disamba 2023 ta kammala a ƙarshen Janairu 2024. Kashi takwas ne, mafi yawansu tsakanin rabin awa da minti arba'in da ɗoriya. Na kalle shi tare da ɗan ƙanwata, wanda shi ma sa'an jarumin ne, kuma ya riga ya karanta littafin.

Ga wanda bai san labarin ba, asalinsa littafin Rick Riordan ne mai suna The Lightning Thief, wanda ya fito a 2005. Riordan ya daɗe yana koyar da yara masu irin waɗannan shekaru a Amurka, kuma labarin ya faro ne daga tatsuniyar da yake yi wa ɗansa da dare, yaron da haruffa ke rikice masa in ya zo karatu, ga shi ba ya iya zama wuri guda ya tattara hankali. Sai uban ya ɗora wa jaruminsa waɗannan larurori biyu. Percy ɗan birnin New York ne, an kore shi daga makaranta shida cikin shekara shida, yana zaune da mahaifiyarsa Sally da wani mijinta mai mugun hali. Kwatsam ya gano cewa shi ruwa-biyu ne, ubansa Poseidon ne, wanda Girkawan dā suka ɗauka shi ke mulkin teku. Ana zarginsa da sace makamin aradu na Zeus, shugaban ababen bautar Girkawan, kuma in bai mayar da shi kafin 21 ga Yuni ba, yaƙi zai ɓarke tsakanin manyan. Sai ya kama hanya daga gabashin Amurka har Los Angeles, shi da Annabeth, 'yar Athena wadda Girkawan suka danganta wa hikima, da Grover, abokinsa mai ƙafafun akuya.

Mu da muka tashi da tatsuniya ba baƙi ba ne wajen yaro mai kashe dodo. A yadda aka ba mu labarin Ɗan Auta, shi ne ya gasa duwatsu ya jefa wa Dodo a baki, bayan manyan gari duk sun kulle ƙofa. Ban taɓa jin wani ya ce ƙarya ne don Auta ya yi ƙanƙanta ba. Mun yarda da shi saboda har ya kashe Dodon bai daina zama yaro ba: ga taurin kai, ga ɓarna, ga jefa yayarsa cikin masifa. Da wannan ma'aunin nake auna duk wani jarumi yaro, a takarda ko a allo. Ƙarfin da aka ba shi ba ya damuna, tunda labarin ya riga ya gaya mini daga ina ƙarfin ya fito. Abin da nake dubawa shi ne ko yana jin yunwa, ko ana iya ruɗarsa, ko tsoro na kama shi a inda zai kama ɗan shekara 12.

An taɓa gwada mayar da littafin fim a 2010, kuma a nan ne aka fara kuskure mai girma. Chris Columbus ne ya ba da umarni, mutumin da ya yi finafinan Harry Potter biyu na farko da yara 'yan shekara 11 da 12, wato ya san yadda ake aiki da ƙananan yara. Duk da haka aka ɗaga shekarun Percy zuwa 16. Logan Lerman da ya fito a Percy yana da shekara 17 lokacin ɗaukar fim ɗin, ita kuwa Alexandra Daddario da ta fito a Annabeth ta haura 20. Daga nan komai ya goce. Yaron da ke kewar mahaifiyarsa ya koma saurayi mai kallon budurwa. Annabcin da littattafan suka rataya a kan cikarsa shekara 16 ya rasa wurin zama, har fim na biyu a 2013 ya matsar da shi zuwa 20. Riordan da kansa ya fito fili ya soki rubutun, daga baya ma ya wallafa wasiƙun da ya aika wa masu shirya fim ɗin yana roƙonsu kada su ƙara wa yaran shekaru. Fim na uku bai taɓa fitowa ba.

Shirin Disney+ ya zo ne da alkawarin gyara wannan, Riordan na cikin marubuta da masu shiryawa. Kuma a batun shekaru sun cika alkawari. Walker Scobell da ya fito a Percy yana da shekara 13 lokacin da aka fara ɗauka a Vancouver a tsakiyar 2022, Leah Sava Jeffries da ta fito a Annabeth tana da 12. Gani ya kori ji. Lokacin da dodon nan mai kan bijimi ya taso wa yaron cikin ruwan sama a kashi na farko, ƙanƙantar jikinsa kaɗai ta isa ta sa cikinka ya ɗuri ruwa. Sulken da aka sa masa a sansanin horar da yara ruwa-biyu ya yi masa yawa, kwalkwalin na neman rufe masa ido. Wannan abu ne da saurayi ɗan 17 ba zai taɓa ba ka ba, komai iyawarsa.

Akwai wurare a shirin da na ji kamar an leƙo ajina an kwafa. A kashi na biyu an ajiye Percy gadi shi kaɗai a daji lokacin wasan ƙwace tuta. Babu mai ganinsa, sai ya hau 'yar rawa, ya yi ta shiririta don kashe lokaci, alhali ana fafatawa a can gefe. Haka yaro yake in ka ba shi aikin tsayuwa. A cikin kashin nan kuma an gaya masa ana ƙona abinci a wuta don a yi magana da iyayen da ke sama, sai ya keɓe da dare ya ƙona alewarsa shuɗiya, ya yi magana da mahaifiyarsa da yake zaton ta mutu, yana ba ta labarin ya yi abokai. Bai nemi uban da bai taɓa gani ba. A wurin nan ɗan ƙanwata ya yi shiru, ni ma haka. Sai kuma kashi na shida, inda dole ta sa Percy ya tuƙa tasi a wurin ajiye motoci, yana gogar bango yana taka burki ba kan gado. Yaron da ya kashe dodanni ya kasa fitar da mota daga gareji, kuma daidai ke nan.

Leah Jeffries ta sha zagi a intanet tun kafin a ɗauki ko fitowa ɗaya, don kawai baƙar fata ce alhali littafin ya siffanta Annabeth da gashi ruwan zinariya irin na Turawa. Riordan ya fito a Mayun 2022 ya kare ta, ya kira abin da sunansa, wariyar launin fata. Bayan na kalla, ina ganin ita ce ta fi kowa fahimtar wadda take wakilta. Annabeth ta gudu daga gida tana da shekara 7, ta girma a sansanin horo, ba ta san rayuwar sauran yara ba. Jeffries tana tafiya da ɗaurarriyar fuska irin ta yarinyar da aka ɗora wa girma tun ba ta kai ba. Ina da irinsu a aji, galibi 'yan fari ne da ke rainon ƙannensu. Sai ka gan ta a wani kanti a bakin hanya ta tsaya gaban kayan zaƙi ta rasa wanda za ta ɗauka, ko kuma ta faɗa, ba tare da ta ɗauke shi wani abu ba, cewa ba ta taɓa kallon fim ba. A irin waɗannan wuraren ne yarintar ke leƙowa.

To amma an gudu ba a tsira ba. An kawo yara na gaskiya, sannan aka sa musu kan manya.

A littafin, babi na 11, yaran uku suna cikin wahala, motar da suka hau ta ƙone da kayansu da kuɗinsu, suna tafe cikin daji a jiƙe ga yunwa. Sai suka ji ƙamshin soyayyen nama daga wani shagon sayar da mutum-mutumi. Grover ya yi ta gargaɗi, ba wanda ya saurare shi, har Annabeth mai kaifin basira. Wata mata mai lulluɓi ta zaunar da su ta cika musu ciki, Percy ya fara gyangyaɗi, saura ƙiris ya tsaya a ɗauke shi hoto. Matar nan Medusa ce, wadda duk wanda ya kalli idonta zai zama dutse. Mai karatu yana ganin alamun tun daga ƙofa, yana ji kamar ya yi musu ihu, su kuwa yunwa ta rufe musu ido. A shirin, suna isa ƙofar Annabeth ta dubi gumakan ta faɗi sunan mai gidan. An ba su wani dalili na shiga, domin akwai mai farautarsu a waje, kuma an ba Medusa damar faɗin nata ɓangaren a matsayin wadda aka zalunta, abin da na ji daɗinsa. Sai dai tarkon ya tashi daga tarko. Ya zama zaman tattaunawa a teburin cin abinci.

Da sau ɗaya aka yi haka da na wuce shi. Amma haka aka yi a gidan cacar Lotus da ke Las Vegas. A littafin wannan wuri shi ne jarrabawar da ta fi dacewa da yaro a duk tafiyar: bayan kwanaki na ƙazanta da yunwa, an miƙa musu katin da kuɗinsa ba ya ƙarewa, ɗaki mai gado mai laushi, ruwan wanka, da wasannin kwamfuta iya ganinka. Suka nutse. Percy bai farga ba sai da ya yi hira da wani yaro mai tufafin zamanin da, wanda ya ce masa ai shekarar 1977 ake ciki. Da suka fito, kwana biyar sun wuce. Duk uban da ya taɓa ƙwace waya daga hannun ɗansa da tsakar dare ya san gaskiyar wannan babi. A shirin kuwa tun a hanya yaran sun tuna wa juna labarin masu cin furen mantuwa, sun yi shawarar kada kowa ya ci komai. Grover ne kaɗai ya shagala. Percy da Annabeth suka wuce wasannin nan kamar ba su gan su ba, suka je suka zauna da Hermes, manzon ababen bautar Girkawan, ana maganar iyali. Lokaci ya ƙwace musu duk da haka, amma ba don son ransu ya ja su ba, don haka babu abin da za su ji kunyarsa, babu abin da suka koya game da kansu.

Da aka zo kashi na bakwai, shagon mai sayar da gadaje, Percy na shiga ya gaya wa mutumin ya san ko shi wane ne. A nan ɗan ƙanwata ya juyo ya ce, "Kawu, wai su ba a taɓa yaudararsu ne?" A littafin an ɗaure Annabeth da Grover a gado ana miƙe su kamar za a tsinka, Percy kuma ba ƙarfi ya yi amfani da shi ba, daɗin baki ya yi wa mutumin, ya yi ta yabon kayansa har ya lallaɓa shi ya kwanta a nasa gadon. Wannan wayon yaro ne tsantsa, irin na wanda ya saba kuɓuta daga hannun manya da bakinsa. An cire shi, an bar fitowar da ba ta kai minti kaɗan ba.

Ina jin na gane abin da ya jawo haka. Littafin da bakin Percy aka rubuta shi, kana cikin kansa, kana jin ruɗewarsa da barkwancinsa da tsoronsa. Kyamara ba ta shiga kai. Marubutan shirin suna buƙatar wanda zai bayyana wa mai kallo tatsuniyoyin Girka, ga lokaci kaɗan, sai suka zuba bayanin a bakin yaran. Akwai kuma wata niyya mai kyau, ta nuna cewa yara ba wawaye ba ne, musamman Annabeth da aka ce 'yar mai hikima ce. Amma faɗawa tarko ba wauta ba ce. Ɗalibin da ya fi kowa ƙoƙari a ajina ya san amsar tambaya, kuma yana iya faɗuwa jarrabawa don bai karya kumallo ba. Sani daban, iya riƙe kai daban, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce shekara 12.

Jarumtar ma an sauya mata fasali. A saman Gateway Arch na birnin St. Louis, ginin nan mai tsawon kusan mita 192, Percy na littafi tsautsayi ne ya bar shi a sama, don na'urar sauka ta cika. Dodo ya sare shi, dafi na bin jikinsa, takobinsa ya faɗi, babu mafita, sai ya yi tsalle yana kiran uban da bai tabbatar zai amsa ba. A shirin, shi ne ya yaudari Annabeth ya tura su waje ya kulle ƙofa don ya mutu a madadinsu. A kashi na gaba kuma ya sake miƙa kansa, ya zauna a kujerar zinariyar da ke daskarar da mai zamanta. Yaro na iya yin irin wannan sau ɗaya, cikin zafin zuciya, kafin ya yi tunani. Sau biyu a jere, cikin natsuwa da jawabin bankwana, ya fi kama da abin da babba ke so yaro ya zama. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne abin da kujerar ta maye gurbinsa. A littafin, a wurin nan gizo-gizon ƙarfe ne suka yi musu ca, Annabeth mai tsara dabarun yaƙi ta daskare tana kururuwa, don tana mutuwar tsoron gizo-gizo. Wannan ne wuri guda da aka ga ta zama ƙaramar yarinya sosai, kuma shi aka zaɓa aka cire.

Haka mijin uwar, Gabe. A littafin azzalumi ne, yana ƙwace kuɗin yaron, har Percy ya gane yana dukan mahaifiyarsa, kuma Sally ta zauna da shi ne don warinsa ya ɓoye ɗanta daga dodanni. A shirin an mayar da shi malalacin da Sally ke iya tsawata wa. Na fahimci Disney ba ta son nuna dukan mace a shirin yara. Amma fushin Percy da rashin yardarsa da manya daga gidan nan suka samo tushe, kuma yaran da ke zaune a irin wannan gida, waɗanda ba su da wuyar samu a ko'ina, an ɗauke musu jarumin da ya san halin da suke ciki.

Inda shirin ya zarce littafin shi ne wajen uwar. Virginia Kull da ta fito a Sally ta yi aikin da ya cancanci yabo. An ƙara wasu fitowa na baya da babu su a littafi: tana koya wa ƙaramin Percy iyo yana maƙale ya ƙi saki, da ranar da za ta kai shi makarantar kwana yana tambayarta me ya sa take son rabuwa da shi. Ta rasa amsar da za ta ba shi, ta koma gefe ita kaɗai tana neman shawarar uban. Duk uwar da ta taɓa ajiye ɗanta a makarantar kwana ta juya da sauri don kada ya ga idonta za ta gane wannan. Lance Reddick, wanda ya rasu a Maris 2023 kafin shirin ya fito, fitowa ɗaya ya yi a matsayin Zeus, kuma tsayuwar yaron a gabansa ta nuna ratar da ke tsakaninsu fiye da duk wani faɗa. Faɗan da Ares kuwa, mai mulkin yaƙi a tatsuniyar Girkawa, wanda ɗan kokawa Adam Copeland ya fito a matsayinsa, an yi shi a gurguje, kafin ka gyara zama ya ƙare.

Ƙarshen ya sake komawa ga matsalar farko. A littafin Percy ya bi Luke daji da zuciya ɗaya, don Luke ne babban yayan da ya karɓe shi a sansani, ya koya masa takobi. Bai zargi komai ba har sai da aka sakar masa kunama mai kisa. A shirin kafin Luke ya buɗe baki Percy ya riga ya warware lissafin. Cin amanar da ka hango ba ta yin zafi irin wadda ta same ka kana dariya, kuma ɗan shekara 12 da ya samu wanda ke kula shi a karon farko ba ya hango ta.

Ta fuskar aiki, kiɗan Bear McCreary ya zauna, dodannin ma ba laifi. Amma hoton ya yi duhu ƙwarai a wurare da dama, musamman faɗan farko da ƙasar matattu. Wanda zai kalla a waya da rana zai sha wahala, gara a jira dare ko a samu talabijin. Ana kuma yawan yanke fitowa allo ya yi baƙi, har wani lokaci a tsakiyar tashin hankali, abin da ke kashe zafin labarin.

Ga iyaye, akwai maganar da ba zan tsallake ba. Labarin gaba ɗaya a kan ababen bautar Girkawan dā yake, ana nuna su a raye, suna da 'ya'ya da mutane ba tare da aure ba, ana ƙona musu abinci. Ni na zauna da yaron tun kafin mu fara, na bayyana masa cewa waɗannan tatsuniyoyin wata al'umma ce da ta shuɗe, kamar yadda ake karanta su a darasin tarihi da adabi, kuma shirin kansa bai nuna su a matsayin abin koyi ba, masu son kai ne da suka watsar da 'ya'yansu. Kowane gida ya san abin da ya dace da shi. Ban ga tsiraici ko batsa ba, jini kaɗan ne, amma Medusa da karen nan mai kai uku za su iya firgita ɗan ƙasa da shekara 8 ko 9. Turancin ba mai wuya ba ne, kuma kunna rubutun ƙasan allo yana taimaka wa yaro sosai.

Shirin ya fi fim ɗin 2010 nesa ba kusa ba, kuma ya cancanci a kalla, ko don yaran uku da Virginia Kull. Amma in kuɗin abu ɗaya gare ka, littafin za ka saya. Babi 22 ne gajeru, ɗan aji ɗaya mai matsakaicin Turanci zai iya cinye shi a hutu guda. In kuma za a haɗa biyun, a bar yaron ya karanta har ƙarshen babi na 11 kafin a kunna masa kashi na uku, sannan a tambaye shi a cikin Percy biyun nan wanne ne zai iya zama ɗan ajinsu.